Awon Matsin Ido da Masu Sanya Kwantak

(Taken shiri)

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na kiwon lafiya. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Durba da Tarai da Fammar da Nariya da Kahu da cikin garin Kibiya, da 'yan uwanmu na Rano da Rurum, da duk inda muryarmu ta kai a kudancin Kano.

Yau maganar ido za mu yi. Hausawa sun ce ido ba mudu ba, ya san kima. Gaskiya ne, amma akwai kimar da ido ba ya iya sani da kansa, wato ƙarfin matsin ruwan da ke cikinsa. Wannan sai an auna a asibiti. Za mu duba yadda ake awon, da kuma abin da ke faruwa idan wanda za a auna yana sanye da kwantak, wato ɗan tabarau ɗin nan mai laushi da ake mannawa a kan ƙwayar ido.

Na san wani dattijo zai ce, "Malam, me ya haɗa mu da kwantak a Durba? Ai wannan abin 'yan birni ne." To, Baba, a yi mini haƙuri a saurara. Kwantak ya iso mu ta ƙofa uku. Ta farko ita ce kwalliya: amare da ƙawayensu, waɗanda mai kwalliya kan manna musu mai launin toka ko ruwan zuma ranar biki, wasu kuma su yi odarsa ta waya daga Kano. Ta biyu ita ce 'ya'yanmu ɗalibai da ma'aikata da ba sa ganin nesa, suka gaji da tabarau suka koma kwantak. Ta uku kuwa ta fi kusa da manomi: idan karan dawa ko ƙaiƙayi ya karce ido lokacin girbi ko sussuka, wani lokaci likita kan manna wani kwantak mara launi a matsayin bandeji har ciwon ya warke. Ashe ko ba a idonka yake ba, mai yiwuwa yana idon 'yarka ko jikarka.

Mu fara daga tushe. A cikin ido akwai wani ruwa garai-garai, ba hawaye ba ne, ba ya fitowa waje. Ana samar da shi a bayan baƙin ido, ya biyo ta tsakiyar ƙwayar zuwa gaba, sannan ya tsiyaye ta wasu ƙananan kafofi da ke gefe ya shiga jini. Dare da rana yana shiga yana fita. Idan kafofin suka fara toshewa, ruwan ya rasa mafita, sai matsinsa ya hau. Matsin nan yana danne jijiyar gani da ke bayan ido, wadda ke kai hoto ƙwaƙwalwa, yana kashe zarenta ɗaya bayan ɗaya. Wannan ita ce cutar gulukoma, wadda muka fi sani da hawan jinin ido. A lura, dabam take da hawan jini na jiki. Mutum kan iya samun jininsa daidai, idonsa kuwa ya hau.

Abin tsoro a cutar nan shi ne yawancinta ba ta ciwo, ba ta sa ido ja. Ganin gefe take fara ci. Mutum yana karatun Alƙur'aninsa lafiya, yana gane fuskar maƙwabcinsa, amma sai ya riƙa tuntuɓe da turmi a tsakar gida, ko babur ya zo ta gefensa bai gani ba sai ya ji ƙara. Kafin ya farga ya je asibiti, sau da yawa ido ɗaya ya riga ya tafi. Kuma abin da gulukoma ta ci ba ya dawowa. Yanar ido ana yi mata aiki mutum ya tashi yana gani. Gulukoma kuwa tsayar da ita ake yi a inda aka same ta.

Tsakanin shekarar 2005 da 2007 an yi babban binciken makanta a faɗin Nijeriya, aka duba idon mutum sama da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama. Aka samu cewa a cikin kowane mutum 100, kimanin 5 suna da gulukoma. A cikin masu ita, waɗanda suka san suna ɗauke da ita ba su kai 6 cikin 100 ba, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Bayan yanar ido, ita ce ta biyu wajen makantar da mutane a ƙasar nan. Shi ya sa awon matsin ido ba abin wasa ba ne.

(Kiɗa kaɗan)

Jama'a, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan awon matsin ido. To, yaya ake awon?

Ku tuna mai faci a bakin kasuwar Kibiya. Kafin ya ɗauko geji, yakan sa babban yatsa ya danna tayar keke, ya ce iska ta yi ko ba ta yi ba. Idan taya ta lotsa da sauƙi, iska kaɗan ce; idan ta ƙi, ta cika. Na'urorin awon ido ma dabararsu ke nan: su ɗan danna fatar nan garai-garai da ta rufe baƙin ido, wadda likitoci ke kira koniya, su ga ƙarfin da aka sa kafin ta lotsa. Amma mai faci ya san wani abu. Idan ya danna daidai inda aka yi faci mai kauri, zai ji tauri ko da iskar ba ta kai ba. Idan tayar ta suɗe ta yi siriri, za ta lotsa ko da ta cika. Ku riƙe wannan, domin a kansa duk maganarmu ta yau ta rataya.

Ana ƙidaya matsin ido da milimita na zaiba, irin ma'aunin da ake awon hawan jini da shi. A yawancin masu lafiya lambar kan tsaya tsakanin 10 da 21.

Na'urorin iri-iri ne. Akwai tsohuwa ta ƙarfe, wadda wani likita ɗan Norway mai suna Schiøtz ya ƙera a 1905; ana kwantar da mutum rigingine a ɗora ta a kan ido, kuma har yanzu akan gan ta a wasu ƙananan asibitoci. Akwai wadda likitocin ido suka fi amincewa da ita a duniya, ta Hans Goldmann, wanda ya fito da ita a birnin Bern na ƙasar Suwizalan a shekarun 1950. Akwai mai hura iska, wadda ta fito daga Amurka a farkon shekarun 1970: ba ta taɓa ido, sai dai ka ji fuf, ka ƙifta. Sai kuma 'yar ƙarama ta hannu mai suna iCare daga ƙasar Finland, mai wani ɗan tsinke mai kan roba da ke taɓa ido ya koma da sauri, ko maganin kashe zafi ba a buƙata. Irin wannan ta dace da aikin duba ido a ƙauyuka, domin a jaka ake ɗaukarta.

Bari in kwatanta muku ta Goldmann, don kada wanda bai taɓa zuwa ba ya ji tsoro. Za a zaunar da ke, Hajiya, a gaban na'ura mai fitila. Ki ɗora haɓa a kan wani ɗan mazauni, goshi ya jingina da maɗauri. Ma'aikaci zai ɗiga miki maganin da ke kashe jin ido, zai ɗan yi yaji na daƙiƙoƙi ya wuce. Sai ya taɓa gefen idon da wata 'yar takarda mai rini ruwan ɗorawa. A rage hasken ɗaki, a kunna shuɗiyar fitila. Wani ɗan kan roba mai haske zai matso a hankali har ya taɓa idon, ba za ki ji komai ba. Shi kuma likita yana leƙawa ta madubi, yana ganin wasu rabin zobe guda biyu koraye, yana murza wani ɗan maɓalli har bakinsu ya haɗu. Inda suka haɗu, nan lambar take. Idon biyu duka ba sa cin minti biyu. Abin da ake so daga gare ki shi ne ki buɗe ido, ki yi numfashi yadda kika saba. Runtse ido da ƙarfi, ko riƙe numfashi, ko ɗaure wuya tamau da hijabi ko maɓallin riga, duk suna iya ɗaga lambar.

To, ina kwantak ya shigo?

Kwantak mai laushi da muke gani yau ya samo asali ne daga aikin wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Cek, Otto Wichterle, wanda ya haɗa na farko a gidansa a 1961. Yana kwanciya ne daidai kan koniya, wurin da na'ura ke dannawa. Saboda haka idan aka auna yana kai, an auna ido da abin da ke kansa ne a haɗe.

Yawan kuskuren ya danganta da irin kwantak ɗin. Na masu rashin ganin nesa siriri ne a tsakiya, kuma idan lambarsa ƙarama ce, bambancin da yake kawowa a na'urar iska ko ta hannu kaɗan ne. Idan lambarsa ta yi yawa, yana iya sa awon ya nuna ƙasa da gaskiya. Na masu rashin ganin kusa kuwa a tsakiya kaurinsa yake, shi ya sa yakan ɗaga lambar, mai lafiya ya tashi da fargabar cutar da ba shi da ita. Akwai kuma kwantak mai tauri. Wannan ba a awo a kansa sam, dole a cire. Na kwalliya da ake saya a shago ko ta waya, ba wanda ya san kaurinsa ko irin robarsa, don haka babu likitan da zai amince da lambar da aka samu a kansa.

Ga kuma maganar rini. Kwantak mai laushi yana shan ruwa. Idan aka sa rinin nan ruwan ɗorawa yana ido, zai shanye shi ya rine, ya kuma ɓata awon. Shi ya sa ba a yin awon Goldmann na yau da kullum sai an cire shi. Bayan an gama, kada a yi gaggawar mayarwa. A jira aƙalla awa ɗaya, ko yadda ma'aikaci ya faɗa, rinin ya wanke, maganin kashe jin ya saki. Kuma kada a murza ido a wannan lokacin, domin mutum zai iya karce idonsa bai ji ba.

Ko bayan an cire, akwai sauran magana. Koniya daga iska take samun abin shaƙarta kai tsaye. Wanda ke kwana da kwantak, ko yake wuni da shi tun asuba har dare, yana toshe mata iska, sai ta kumbura. Kumburarriyar koniya tana ba da lambar ƙarya, wani lokaci sama, wani lokaci ƙasa. Don haka likita kan tambaya: tun yaushe kike sawa? Awa nawa a rana? Kina kwana da shi? Yaushe kika cire? Ba bin diddigi yake yi ba, lissafi yake yi. Mafi sauƙi shi ne ranar da za a je asibitin ido a bar kwantak a gida, a sa tabarau, a tafi da kwalinsa a nuna.

Wuri ɗaya ne akan auna da kwantak a ido da gangan: wanda likita ya manna a matsayin bandeji. A nan cirewa na iya fama ciwon, sai likita ya yi amfani da na'urar hannu ko ta iska a kansa, ya rubuta a kati cewa da bandeji aka auna. Likitan da ya sa shi, shi zai cire. Kada mara lafiya ya taɓa.

(Kiɗa kaɗan)

Iyaye mata, ƙannena 'yan mata, yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, kuma da ku nake.

Ga yadda abin kan kasance. Ana saura kwana biyu ɗaurin aure, an zauna kwalliya. Mai kwalliya ta gama shafa hoda da jagira, ta ɗauko kwantak daga wani ɗan kwalba da yatsun da ta gama taɓa kayan shafa, ta buɗe idon amarya ta manna. Aka yi hoto, kowa ya ce tubarkalla. Aka yi kamu, aka yi wuni, ga ƙurar hunturu, ga hayaƙin turaren wuta, ga kukan rabuwa da gida. Dare ya yi, amarya ta gaji, ko ba ta iya cirewa ba, ta kwana da shi. Da safe ido ya yi ja yana ƙaiƙayi. Sai a aiki yaro kemis ya karɓo maganin ɗigawa. Ta ɗiga, kafin azahar ido ya yi fari tas. Daga ranar kwalbar nan ta samu mazauni a cikin jakarta, duk sanda ido ya yi ja sai a ɗiga.

Da yawa daga cikin magungunan nan masu saurin farar da ido suna ɗauke da sinadarin sitiroyid. Ku sa wanda ya iya karatun boko ya duba jikin kwalbar: idan ya ga dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone, to shi ne. Magani ne mai amfani a hannun likita, amma yana toshe kafofin da ruwan ido ke fita. Idan aka ɗauki makonni ana ɗigawa, kusan mutum ɗaya cikin uku matsin idonsa kan hau, wasu kaɗan kuma ya hau ƙwarai. Ta haka yarinya 'yar shekara 20 kan kamu da gulukoma irin ta tsofaffi, da kuɗinta. Idan kuma jan idon na ƙwayar cuta ne da ta shiga koniya ta ƙarƙashin kwantak, sitiroyid ƙara mata ƙarfi yake yi, har ta bar hakiya.

Saboda haka duk mai kwantak da idonta ya yi ja, ko yana ciwo, ko ba ya son haske, ta cire shi nan take ta nufi asibiti, da kwantak ɗin da kwalbar maganin a hannu. Kada a wanke kwantak da ruwan rijiya ko na famfo ko na leda, balle yawu. Ruwansa na musamman ne. Kada a ara, kada a ba da aro, ko da 'yar uwa ce ciki ɗaya.

Na san kunya kan hana magana. Yarinya ta zo da mahaifinta, ba ta so ya san tana sa kwantak, sai ta yi shiru, ko ta cire a ɓoye a bakin ƙofa. 'Yata, ki faɗa wa nas a keɓe. Baba, kai kuma idan ka ji, ka bar faɗan sai an koma gida. Ɓoye wa likita abin da ke kan ido daidai yake da sa shi ya rubuta lambar ƙarya da hannunsa.

Akwai tambayoyin da mutane kan yi, bari in amsa uku.

Ta farko: "An auna ni an ce 18, ke nan ba ni da gulukoma?" Ba lallai ba. Kaurin koniya kusan rabin milimita ne, amma ba kowa ne daidai ba, kuma bincike ya nuna ta baƙar fata ta fi yin siriri. Siririyar koniya tana sa na'ura ta nuna ƙasa da gaskiya. Haka ma wanda aka yi wa aikin leza don ya rabu da tabarau, an rage masa kaurinta, dole ya faɗa. Ban da haka, matsin ido yana hawa da sauka a cikin yini, sau da yawa ya fi yawa da safe. Akwai kuma masu gulukoma da lambarsu ba ta taɓa wuce 21 ba. Shi ya sa likita ba ya tsayawa a lamba: sai ya leƙa jijiyar gani, ya gwada ganin gefe, idan da hali ya auna kaurin koniya.

Ta biyu: "Kwantak ne ke kawo gulukoma?" A'a, shi kansa ba ya kawo ta. Amma masu rashin ganin nesa sosai, waɗanda su ne suka fi sa shi, sun fi wasu haɗarin kamuwa. Wani abin sha'awa ma, wani kamfani a Suwizalan ya ƙera kwantak mai na'ura a ciki, mai suna Triggerfish, wanda ake sa wa mara lafiya na awa 24 yana bin sauye-sauyen ido har cikin barci. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2016. Ko shi ɗin bai maye gurbin awon asibiti ba.

Ta uku: "Ina ɗiga maganin gulukoma, zan iya sa kwantak?" Da izinin likita, e. Amma a cire kafin a ɗiga, a jira minti 15 kafin a mayar, domin kwantak yana shanye sinadarin da ake adana maganin da shi. Idan aka ɗiga, a rufe ido a danne kusurwarsa ta wajen hanci na minti ɗaya ko biyu. Mai asma ko ciwon zuciya ya faɗa kafin a rubuta masa timolol. Da azumi kuma kada a ajiye magani. A tambayi likita ko za a iya mayar da lokacinsa sahur da bayan shan ruwa, hukuncin kuma a tambayi malamai.

Su wa ya kamata su je awo ko ba sa jin komai? Duk wanda ya kai shekara 40. Duk wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan uwansa ke da gulukoma, ko aka yi makanta a gidansu da ba ta yana ba. Shi kada ya jira 40. Mai ciwon sukari. Wanda ya taɓa buguwa a ido, ko shekara goma ke nan. Wanda masu aikin gargajiya suka ture masa yana da allura, domin binciken da na ambata ya nuna wannan aiki yana iya jawo gulukoma daga baya. Da duk mai ɗiga sitiroyid. Idan kuwa ido ya kama ciwo mai tsanani farat ɗaya, ya yi ja, gani ya dushe, ga ciwon kai da amai, wannan ba ya kwana, a tafi a ranar.

Ina za a je? A fara da asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Rano, a nemi a duba ido a kuma ba da takardar turawa idan da buƙata. A cikin Kano akwai asibitin ido na ECWA da ke aiki tun 1943, da asibitin ido na Makkah, da sashen ido na Asibitin Murtala, da na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. A watan Maris na kowace shekara ana makon gulukoma na duniya, ranar Alhamis ta biyu a watan Oktoba kuma ranar gani ce ta duniya. A irin waɗannan lokuta a kasa kunne, akan yi sanarwar duba ido.

Idan ka je, ka nemi a faɗa maka lambarka ta ido dama da ta hagu. Ka sa a rubuta maka a takarda, da kwanan wata, da lokacin da aka auna, da irin na'urar, da kuma ko akwai kwantak a ido ko babu. Ka adana ta tare da katin asibiti, domin likitan da zai gan ka baɗi da ita zai gane ko abin yana tsaye ko yana hawa. Wanda aka tabbatar masa da cutar kuma, ya kama 'yan uwansa da 'ya'yansa ya kai su a duba, tunda tana bin jini.

A nan za mu dasa aya. Wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai ji ba, musamman masu kwalliya da masu kemis, domin ta hannunsu abin ke bi. Allah Ya tsare mana ganinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai wani makon idan Allah Ya kai mu.

(Taken rufewa)